Hom tiyata na yana da ƙara amma magana bata fita, in sayi wanda ya fi shi girma?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da hom tiyata mai ƙananan sifiku biyar da wufa ɗaya, a jikin kwalin an rubuta wat 5000. Falona zai kai mita 5 a tsawo, mita 4 a faɗi, ƙasa tayil ne sama kuma fi-o-fi. Matsalar ita ce in aka sa kiɗa bes ɗin har gilashin taga yake girgizawa, amma in ana kallon fim ko na kunna karatu sai maganar ta riƙa fita a dunƙule, dole sai na ƙure murya, in na ƙure kuma maiɗakina tace kanta na ciwo. Na fara tara kuɗi in sayi mai wat 10000. Wanne zaka bani shawara in saya, kuma yaya ake jera su?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka daidai tambayar taka biyu ce, me yasa kaya mai ƙara haka yake kasa fitar da maganar mutum tas, sannan in zaka canza me zaka saya kuma ina zaka ajiye shi. Abu na farko da zan ce maka shine kar ka taɓa kuɗin nan tukuna. Na daɗe ina haɗa kayan sauti a gidajen mutane, kuma irin wannan ƙorafin naka mafi yawan lokuta ba rashin ƙarfi ke kawo shi ba, ɗakin ne da kuma inda aka dasa sifikun. In ka sayo mai wat 10000 ɗin ka mayar dashi gurbin wannan, rugugin ne kawai zai ƙaru, maganar kuma tana nan a dunƙulenta.

Maganar wat 5000

Juya na'urar ka duba bayanta, kusa da inda wayar wuta ta shiga akwai rubutun da ke nuna wutar da take ci. A irin waɗannan hom tiyatan yawanci zaka ga wat 60 ko 80, in yayi yawa ɗari da wani abu. To kaga abin da yake jan wat 80 daga soket babu yadda za'ayi ya riƙa fitar da 5000, ai ƙarfin ba daga iska yake samo shi ba, kuma kai da kanka ka san ƙaramin janareton nan da bai kai wat 1000 ba yana ɗaukarsa har da talabijin da fanka. Lambar nan da suke bugawa ɓaro-ɓaro a kwali ita ake kira PMPO, babu wata tsayayyar ƙa'ida ta auna ta, kowa abin da yaga zai ja mai saye yake rubutawa. Wadda ake dubawa ita ce RMS, wato ƙarfin da amfilifaya zata iya bayarwa a ɗore ba tare da sautin ya fara fashewa ba. In ka tambayi mai shago RMS nawa ne ya fara kame-kame, ka karɓi takardar cikin kwalin ka duba da kanka.

Sannan wat ɗin ma ba yadda mutane suka ɗauka yake aiki ba. In ka ninka wat sau biyu, ƙarar da zata ƙaru 3 dB ce kacal (dB shine ma'aunin ƙarar sauti), kunne zai ji an ɗan ƙara ne kawai. Kafin kunne yaji kamar sauti ya ninka sai an ƙara wajen 10 dB, wato sai ka ninka wat ɗin sau goma. Sifikar gida ta kirki kuma da wat 1 tal tana bada kusan 86 zuwa 90 dB in kana tsaye mita ɗaya da ita, wannan kuwa ƙara ce da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai yaji me kake cewa. Shi yasa a falo kamar naka amfilifaya mai wat 30 zuwa 50 RMS a kowane gefe ta wadatar har da ragowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ga manya ita ce kar a wuce awa 40 a sati ana sauraren ƙarar 80 dB, in ƙarar ta haura haka lokacin raguwa yake sosai, saboda haka ciwon kan da Hajiya take faɗa kar ka ɗauke shi wasa, musamman in akwai yara a gidan.

Me yasa maganar take dunƙulewa

Dalili biyu ne suka haɗu maka. Na farko yadda aka ƙera irin wannan kayan. Ƙananan sifikun nan faifansu bai wuce inci 3 ba, basa iya sauka ƙasa da wajen 150 Hz (Hz shine ma'aunin kauri ko kaifin sauti, ƙaramar lamba sauti mai kauri, babba mai kaifi), ita kuma wufar, wato babbar sifikar da ke fitar da bes, an tsara ta ne ta buga sosai a ƙasa don ta burge mai saye a kasuwa. Muryar namiji babba kuwa tushenta tsakanin 85 ne zuwa 180 Hz, daidai inda ƙananan suka gaza, sai ya zama kaurin muryar daga wufa yake fitowa can a lungu, sauran kuma daga wani gurin daban. Su kuma baƙaƙen da ke sa a rarrabe kalma, irin su s da sh da ts da k, suna can sama wajen 2000 zuwa 4000 Hz, kuma basu da ƙarfi ko kaɗan, da zarar bes yayi yawa sai ya danne su. Kana ƙure murya kana ƙara abin da ke danne su tare da su.

Na biyu kuma, wanda a ganina ya fi girma, shine falon. Tayil a ƙasa, bangon siminti da fenti mai santsi, fi-o-fi a sama, gilashi a taga, babu abu ɗaya a ciki da ke shanye sauti. Kalma ta fito daga sifika ta iso kunnenka, sai kuma ta sake isowa daga ƙasa da bango da sili kowacce a makare kaɗan, kafin ta mutu kalma ta gaba ta hau kanta, sai kaji kamar mutum ya cusa kai a randa yana magana. Gwada wannan yanzu ma: kashe fanka, tsaya tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In kaji wani ƙarrr na biyo bayan tafin, to ka gano ɓarawon.

Maganinsa kuma kayan ɗaki ne da muka saba dasu. Kafet mai kauri a shimfiɗa tsakanin talabijin da kujerar da kake zama, ba ledar tsakar ɗaki ba, ita bata shan komai. Labule mai nauyi mai ninki, in so samu ne ya wuce faɗin tagar ya sauka har ƙasa. Kujerun yadi sun fi na leda amfani a nan. Kantar littattafai a bangon baya ko na gefe tana warwatsa sautin sosai. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango kuwa ka rabu dashi, abin da yake yi bai taka kara ya karya ba, ga tara ƙura da kyankyaso ga haɗarin gobara. In kana son sanin daidai inda bangon gefe ke dawo maka da sauti, zauna a kujerarka ka sa yaro ya riƙa jan madubi a jikin bangon daidai tsayin kunnenka, duk inda ka hango sifikar a cikin madubin nan ne gurin, sai a rataya darduma mai kauri ko labule a wajen.

Jera sifikun

Abin da na fi tararwa in an kira ni shine duk sifiku biyar ɗin an jere su reras a kan teburin talabijin kamar kayan ado, ko kuma an kafe su can sama dab da sili saboda yara. Duka biyun asara ce. Sauti mai kaifi a miƙe yake tafiya, in sifikar na kallon saman kanka to abin da kake ji wanda ya dawo daga bango ne.

Fara da biyun gaba, hagu da dama. Auna daga kujerar da ka fi zama zuwa inda talabijin yake, a ce mita biyu da rabi ne, to tazarar da ke tsakanin sifikun biyu ma ta kusa haka, ya zama kai da su kun tashi kusurwa uku daidai wa daida, talabijin a tsakiya. Tsayinsu ya zo daidai kunnenka kana zaune, wato kamar mita ɗaya daga ƙasa ko ƙasa da haka kaɗan. In a gidanku an fi zama a kan kafet a jingina da kujera, to ka sauke su ko ka ɗan sunkuyar dasu, wannan abu ne da takardar kamfani bazata gaya maka ba don da mai zama a kujera suka yi lissafi. Ka ɗan karkato fuskarsu su kalle ka. In a kan tebur ko kanta suke, jawo su gaba har bakin katakon, kar a tura su ciki.

Ta tsakiyar, wadda yawanci a kwance take, ita ce mai ɗauke da maganar fim, to ita ya kamata ka fi lallaɓawa. Daidai ƙarƙashin talabijin ko samansa, tana kallon fuskarka, babu fulawar roba ko hoton biki a gabanta, kuma kar a kulle ta cikin durowa mai gilashi. In rimot ɗinka na da gurin ƙara ta ita kaɗai, ƙara mata mataki biyu ko uku, ka rage na wufa zuwa ƙasa da rabi. Wallahi wannan kaɗai ya sha sa mutum ya fasa zuwa kasuwa.

Biyun bayan kuma ba a gaba suke zama ba, gefenka suke zama su ɗan koma baya kaɗan, sama da kunne da kamar ƙafa biyu. Amma gaskiya yawancin abin da muke kallo, YouTube ne ko tashar dish ko karatun da aka turo a waya, hagu da dama kawai aka naɗa, babu wani sauti na musamman da aka ware wa na baya, na'urar ce kawai take kwafar na gaba ta watsa musu, wannan kuma ƙara dagula magana yake. In zaka saurari karatu ko labarai mayar da na'urar sitiriyo ko 2.1, wato biyun gaba da wufa kawai, kaji bambanci.

Kujerarka ma tana cikin lissafin. In ta manne da bangon baya bes zai taru a kanka, in da hali jawo ta gaba ko da rabin mita ne.

Wufa

Ga dalilin da tagarka ke rawa. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, kuma kowane ɗaki yana da wasu sautuka na ƙasa da yake kumbura su gwargwadon girmansa. In ka raba 343 da ninkin tsawon ɗakin zaka samu na farko, wato a mita 5 ɗinka wajen 34 Hz, a mita 4 kuma wajen 43 Hz, sai ninkinsu 69 da 86, kuma nan ne daidai inda irin wufarka ta fi bugawa. A kusurwar ɗaki duk waɗannan suke haɗuwa, mu kuma kusurwa muka fi son tura wufa don kar ta tare hanya. Shi yasa zaka ji wani gurin a falon bes kamar zai fasa ƙirji, ka matsa taku biyu kaji babu shi.

Yadda nake nemo mata guri ba wuya. Ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, sa kiɗan da bes ɗinsa ke hawa yana sauka, sai ka durƙusa ka riƙa bin gindin bangon gaba da na gefe kana saurare. Inda kaji kowane bugu ya fito daban-daban, babu wanda ya kumbura ya fi sauran, nan zaka ajiye ta. Zaka ji ta a kujerar kamar yadda kaji a gurin. In ramin iskarta a baya yake bar mata kamar santimita 30 tsakaninta da bango. Sa mata roba mai kauri ko guntun katifa mai tauri a ƙasa don kar ta riƙa kaɗa tayil, in gidan haya ne ko bene maƙwabcinka ma zai samu sauƙi, don bes ratsa bango yake ba kamar sauran sauti ba, kai kana ganin ka rage shi kuma yana can ya kasa barci. Wufa in ta zauna daidai bai kamata ka iya nuna inda take da ido a rufe ba.

Kafin ka tashi daga bayan na'urar duba wayoyin. Ja a ja, baƙi a baƙi, a duka ɓangarorin. In aka juya na sifika ɗaya, faifanta zai riƙa shiga lokacin da na ɗayar ke fita, sai muryar ta rasa tsakiya ta zama kamar daga ko'ina take zuwa. In wayar ba launi, cire ta daga na'urar ka taɓa bakinta biyu a batirin rimot mai 1.5 na ɗan lokaci kaɗan, in faifan ya turo waje to wadda ke kan gefen batirin mai alamar + ita ce ja.

In duk da haka sai ka saya

Zan faɗa maka gaskiya, gyaran guri yana da iyaka, faifan inci 3 a kwandon roba bazai taɓa fitar da murya mai kauri ba ko ina ka ajiye shi. In ka yi duk na sama sati ɗaya ko biyu baka gamsu ba, shawarata ka haƙura da yawan sifiku ka sayi guda biyu masu kyau. Irin na akwatin katako masu faifan inci 5 zuwa 6 da rabi da 'yar twita, wato ƙaramin faifan da ke fitar da sauti mai kaifi, a sama, ka haɗa da amfilifaya daban, ko ka sayi waɗanda amfilifayar ke cikinsu in baka son tarin wayoyi. Kuɗin da za'a raba wa sifiku shida in aka zuba shi a biyu dole ingancin ya bambanta. Wufa daga baya ka ƙara in kaga da buƙata, ka saita ta karɓi abin da ke ƙasa da 80 Hz kawai. Doguwar nan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin talabijin, saundba, ita ma ba laifi ga wanda kallo ne kawai damuwarsa, tana fitar da magana, sai dai bata buɗe sauti hagu da dama kamar biyun da aka raba. Abin da bazan baka shawara ba sam shine manyan akwatunan masu kiɗan biki, an yi su ne don su jefa sauti nesa a fili, a mita uku yanka kunne suke.

Ko a Sabon Gari zaka saya a Kano ko aike zakayi Alaba a Legas, kar ka yarda da gwajin mai shago, shi ƙurewa zaiyi da kiɗa mai bes don yasan nan kayan ke burgewa. Tafi da filashinka ko wayarka, ka sa muryar da ka sani sarai, karatun malamin da ka saba ji ko labaran rediyo, kuma a ƙaramar murya. Sifikar da ta fitar da kalma tas a hankali ita ce ta kirki. Ƙwanƙwasa jikin akwatin da ɗan yatsa, in yayi ƙara kamar fanko to katakon siriri ne zai riƙa amsawa tare da kiɗan.

Na hannu, irin waɗanda ake shigowa dasu daga Turai, sau da yawa sun fi sababbin da ke farashi ɗaya dasu nesa ba kusa ba, tsofaffin Yamaha da Sony da JBL da Wharfedale har yanzu ana samun masu lafiya. Amma ka cire ragar gaban ka duba zoben da ya kewaye faifan, in na soso ne zafinmu yana cinye shi har ya riƙa marmashewa a hannu, na roba ya fi jurewa. Danna faifan a hankali da yatsu a kewaye, in kaji yana gogar wani abu a ciki to koyil ɗin ya taɓa ƙonewa. Kanga kunne a kan twitar ka tabbata tana fitar da sauti, ita ce ta fi mutuwa kuma a hayaniyar kasuwa ba'a lura. In amfilifaya ce duba bayanta, namu wutar 230 ne, kayan Amurka kuma 120, na Japan 100, ka sa shi a soket kai tsaye hayaƙi zaka gani.

Sai maganar om, wato ma'aunin nauyin da sifika ke ɗora wa amfilifaya, ƙaramar lamba ta fi jan wuta. Bayan sifika zaka ga 4 ko 6 ko 8, bayan amfilifaya ma an rubuta mafi ƙarancin da zata iya ɗauka. Kar ka sauka ƙasa da shi. Inda ake yawan ƙona kaya shine a cusa sifika biyu a rami ɗaya, biyu masu om 8 sun koma 4, biyu masu 4 sun koma 2, amfilifayar ta ɗau zafi ta mutu. Kuma ƙaramar amfilifaya da aka ƙure ta fi babba kashe twita, da zarar kaji sauti ya fara tsagewa rage. Waya kuma ba sai mai tsada ba, tagulla zalla mai kaurin 1.5 ta isa in bata wuce mita goma ba, in ta fi haka 2.5. Ka dai kankare bakinta da wuƙa a shagon, in cikin fari ne to alminiyam ce aka shafa mata ruwan tagulla. Tsakanin talabijin da kayan sautin yi amfani da HDMI mai alamar ARC ko wayar optikal, Bluetooth yakan sa baki ya riga magana.

Wutar gidan ma ka kula da ita, don abin da na fi gani ya kashe amfilifaya shine dawowar NEPA da ƙarfi da kuma lokacin juyawa zuwa janareta. Sa sitabilaiza ko aƙalla abin kariyar nan da ke jinkirta wuta in ta dawo, kuma a kashe kayan sauti kafin a tada inji ko a kashe shi. In sola kake amfani da ita nemi amfilifaya ajin D, bata cin wuta sosai bata zafi, sannan in inbatarka ba mai tsabtatacciyar wuta bace zaka iya jin wani zzzz a sifika, wannan ba laifin sifikar bane. Lokacin hunturu a rufe kayan da yadi in ba'a amfani dasu, amma a cire in an kunna don su sha iska.

Ban ga falon naka da idona ba, inda ƙofa take da inda taga take da ko a buɗe yake zuwa wajen cin abinci duk suna canza lissafin wufar, saboda haka awon da na baka mafari ne, kunnenka ne zai ƙarasa. In ka gwada ka turo min hoton bayan na'urar inda aka rubuta wutar da take ci, da hoton falon daga bakin ƙofa, sai in gaya maka ko sifikun gaba kawai zaka canza ka bar sauran.